Notin da Saje Bai Gani Ba

Kwandon sharar maƙwabcina ne ya jawo mini duk wannan tunani. Wata safiya na fito da mota daga gareji, na karya sitiyari zan hau titi, sai na ji garam a gefen dama. Kwandon ya kife, kwalabe da gwangwanaye suna ta gangarawa bakin hanya. Wallahi ban gan shi ba, alhali tsayinsa ya kai ƙirjin mutum, ga shi kore shar, kuma duk ranar kwasar shara a nan yake tsayawa tun da muka tare a unguwar. 'Yata tana bakin taga da kofin shayi a hannu, komai a idonta aka yi. Kafin mako ya zagayo na tsinci kaina a gaban likitan ido, an kafa mini goshi a jikin wata na'ura, wai in danna maɓalli duk lokacin da na ga ɗigon haske. Na danna iyakar abin da na gani. Likitan ya ce hawan jinin ido ne, tsakiyar ganina lafiya lau, gefe-gefen ne yake cinyewa a hankali, kuma abin da ya riga ya tafi ba ya dawowa.

Sunan mahaifiyata aka sa wa 'yar nan tawa, saboda haka Uwata nake ce mata, ita kuwa ta ɗauki sunan da gaske. Aikin asibiti take yi, kuma a wurinta nake zaune a garin Fort Washington na Amurka tun rasuwar mahaifiyarta. Muna hanyar dawowa daga wurin likitan ta ce in ba ta makullin motata. Na ce mata makulli yana aljihuna kuma a nan zai kwana. Ta ce yau kwando ne, gobe ɗan mutane ne a kan keke. Na ce na'urar da ba ta taɓa ganina ba sai yau ba za ta yanke wa idon da ya yi aikin jirgin yaƙi hukunci ba. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne, idan sanyi ya wuce itatuwa suka fara fure, mu masu tsofaffin motoci mukan yi jerin gwano a bakin kogin Potomac, kuma bana ni aka ce in ja gaba. Na riga na yi wa jikokina, 'ya'yan Uwata, alkawarin kujerar baya.

Motar ta girmi Uwata. Irinta kwamandanmu yake shiga lokacin da nake saurayi a bariki, baƙa wuluk mai dogon hanci, idan ta gilma muna ƙamewa mu sara mata ko da direba ne kaɗai a ciki. Ban taɓa zaton zan kama murfin ƙofarta ba, balle in mallaka. Bayan na yi ritaya daga garejin motocin bas inda na ƙarar da ƙarfina a ƙasar nan, na ci karo da 'yar'uwarta a wata rumfar gona can kudancin Maryland, ɓeraye sun yi gida a kujerunta, kafireta ta toshe, lagireto ya ɓule. Na jawo ta gida, na kwance ta kaf, na mayar da hannuna noti bayan noti. Babu kwamfuta ko ɗaya a cikinta. Idan ba ta da lafiya tari take yi, ko ta yi rawar jiki, ko ta canza murya, kai kuma ka saurara ka gane. Duk wanda ya ce in miƙa makullinta bai san abin da yake tambaya ba.

Kowace Asabar da safe muna haɗuwa a wani filin ajiye motoci kusa da Upper Marlboro, bayan wani kantin kayan gini da ya daina aiki. Kowa ya buɗe bonet, kofi a hannu yana tururi, a yi ta zagayawa ana leƙen injin juna ana cika baki. Ranar da na fara zuwa ban san kowa ba. Ina tsaye sai wani dogon tsoho, baƙar fatar Amurka, ya sunkuya cikin injina ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago bai tambayi shekarun motar kamar sauran ba, sai ya nuna notunan da ke riƙe da kafireta, ya ce wane jirgi na yi wa aiki. Abin da ya gani waya ce. A jirgin yaƙi ba a yarda da noti don kawai an ɗaure shi tam. Kowane noti yana da 'yan hudoji a gefensa, sai a zura siririyar waya, a murɗa ta kamar kitso, a ja ta a ɗaure a jikin wani abu ta ɓangaren da idan notin ya nemi kwancewa wayar za ta riƙe shi. Mota ba ta bukatar wannan wahala, hannuna ne ya ƙi dainawa. Ya ja ni zuwa tasa motar, ga irin kitson nan a ko'ina. Tun daga ranar nake kiransa Dogo, yana amsawa, har yau bai tambaye ni ma'anarsa ba.

Na ukunmu Baba Kumasi ne, mutumin zangon Kumasi wanda ya yi sojan sama a Ghana, ya zo nan ya tsufa a tuƙin tasi cikin Washington. Hausarsa tana ba ni dariya, tawa ma tana ba shi, yakan ce mu mutanen ƙasar Kano muna magana kamar masu karanta labarai a rediyo. A hankali sai ga wasu tsofaffin sun matso, wannan ya yi aikin makamai, wancan ya yi na kujerar da ke cilla matuƙi waje idan jirgi ya ƙi. Muka zama 'yan kusurwa guda. Akwai sansanin sojan sama ba nisa da filin, saboda haka ana cikin hira sai a ji sama ta tsage. Sauran jama'a su toshe kunne, mu kuwa duk mu ɗaga kai baki buɗe, ana gardamar injin ɗaya ne ko biyu, da ko matuƙin sabon hannu ne. Rabinmu kurame ne, jiragen sun cinye mana kunne, saboda haka da ƙarfi ake gardamar kuma ba mai jin amsar ɗan'uwansa.

Dogo ya ce mini jiragen yanzu da kansu suke faɗin ciwonsu, yaro ya soka musu waya ya karanta a allo, ya cire akwati ya sa wani. Ba raina abin nake ba, ni dai so nake in gani. Ina so in san ko har yanzu suna warin kananzir da zafaffen ƙarfe, ko yaran nan suna gane jirginsu da murya tun yana nesa yadda muke gane namu. Namu na Rasha ne, rubutun jikinsu sai an fassara mana, amma mun san halin kowanne kamar yadda mai jaki ya san jakinsa. Akwai mai ɗigar da mai idan ya wuni a rana, akwai wanda sai an lallaɓa shi kafin ya tashi. Dogo yakan yi dariya ya ce ai nasu jiragen don harbo namu aka ƙera su. Sai in miƙa masa ledar ƙosan da Uwata ke soya mini, in ce to ya harbo wannan.

Idan na rufe ido ba jiragen ne ke fara zuwa mini ba, safiyar bariki ce. Kiran sallah daga ɗan masallacin bayan kicin, sai bigila ta biyo baya, sai ƙarar bokitai a bakin famfo, da wani Kofur da kullum yake waƙa yana wanka da muryar da ko shi ba na jin tana yi masa daɗi. Wata tsohuwa tana kawo koko da ƙosai bakin shingen waya, mu sha a tsaitsaye, takalma ko ɗaurewa ba mu gama ba. Ni ɗan ƙauye ne, kafin in shiga soja babban abin da na taɓa kwancewa shi ne injin niƙan kawuna. Na zo da zumuɗi, a zatona ranar farko za a miƙa mini sifana a ce ga jirgi. Tsintsiya aka miƙa mini. Kuma aikin farko na kowace rana, kafin a taɓa ko taya, shi ne abin da muke kira tsintar safe.

Injin jirgin yaƙi zuƙar iska yake yi da ƙarfin da ba ya kwatantuwa, kuma duk abin da ke ƙasa a gabansa yana iya haɗawa da shi. Tsakuwa ɗaya, ko guntuwar waya, ko maɓallin riga, idan ya shiga ya isa ya farfasa cikin injin, kuma ba lallai a sani a ƙasa ba, sai an yi sama. Saboda haka da gari ya waye kowa zai fito, makanikai da masu zuba mai da masu shara, har hafsoshi da matuƙan kansu, a jera kafaɗa da kafaɗa daga wannan bakin kwalta zuwa wancan, a sunkuyar da kai, a taka a hankali. Ba a magana. Abin da kawai ake ji shi ne takun takalma, da kukan kurciya daga cikin ciyawa, da ƙwal ɗin tsakuwa idan ta faɗa gwangwani. Kowa da gurbinsa a layi, kullum nan yake tsayawa, kuma abin da ke gabansa amanarsa ce. Mutum ɗaya ne ba ya cikin layi, shi ne mai gwangwani, wanda ke bin bayanmu yana karɓar abin da aka tsinta. Wanda ba ya jin daɗi ake ba, ko wanda ya taso daga jinya, kuma ba mai son aikin, domin riƙe gwangwani kamar an ware ka daga cikin maza ne. Amma yana da iko ɗaya. Idan ya hango abin da layi ya tsallake sai ya ce a tsaya, kuma dole kowa ya koma farko a sake.

Shugabanmu a rumfar jirage wani Saje ne, gajere mai furfura a gefen kai, wanda ba na jin na taɓa ganin haƙoransa a waje. Idonsa ne abin labari a bariki. Yana iya tsayawa daga ƙofar rumfa ya ce maka wayar da ka murɗa a kan noti kaza ta juya baibai, ka je ka duba ka tarar haka ne. Yakan ce mana mota idan ta lalace sai a gangara gefen titi a jira, jirgi kuwa ba shi da gefen titi. Yakan kuma ce kada wanda ya kuskura ya ce masa yana tsammani, ko ka gani ko ba ka gani ba. Shi ne mai zagayen ƙarshe. Idan an gama komai, matuƙi ya fito da hularsa a hammata, Saje zai zagaye jirgin shi kaɗai, ya leƙa nan ya shafa can, sannan ya zo ya ɗora tafin hannunsa a kan hancin jirgin. Ba matuƙin da ke taka tsani sai ya ga hannun nan ya sauka. Na ga wanda matarsa ta haihu ya fara kawo wa Saje goro kafin ya kai wa kwamanda.

Wata safiya bayan an sha ruwan sama, kwalta ta wanku tas, muna cikin tsintar safe mun kusa ƙarshe, sai muka ji mai gwangwani ya ce a tsaya. Muka waiwaya. Ga noti can a bayanmu yana ƙyalli a rana, kuma ba sai an auna ba, a gurbin Saje yake, dab da inda takalminsa na dama ya bi. Ba wanda ya motsa. Saje ya taka da kansa ya koma, sai da mai gwangwanin ya nuna masa da yatsa sannan ya gan shi. Ya ɗauka, ya juya shi a tafin hannu. Ina kusa, na gan shi sarai. Noti ne mai hudoji, babu guntuwar waya a jikinsa, babu maiƙo, an goge shi har yana ɗaukar ido. Irin wannan ba daga jirgi yake faɗowa ba, ajiye shi aka yi. Muna jiran Saje ya juyo ya ƙare mana kallo ya tambayi ɗan gidan wa ya yi masa haka. Bai kalli kowa ba. Ya jefa notin a gwangwani, ya karɓe gwangwanin daga hannun mai riƙe da shi, ya ce masa, "Shiga gurbina." Muka koma farko muka sake, Saje yana bin bayanmu. Da hantsi jirgi zai tashi, ya kira babban Kofur ɗinmu ya ce ya yi zagayen ƙarshe. Matuƙin ya tsaya yana kallon Saje, Saje ya nuna masa Kofur da haɓa. Bai ƙara ɗora hannu a hancin jirgi ba har ya yi ritaya.

Bariki ta kwana ta tashi da tambayar wanda ya ajiye notin. Wasu suka ce Kofur ne, tunda shi ya gaji wurin. Wasu suka ce matuƙan ne suka lura Saje ya fara laluben sifana a kan tebur, suka ji tsoron ransu, ga shi ba mai iya tunkararsa da maganar. Har likitan bariki sai da aka ambata. Ba a taɓa kama kowa ba, Saje kuma bai taɓa tayar da zancen ba. Ni dai abin ya zauna mini a rai. Na bar soja, na yi aure, na haye teku, na tsufa, amma lokaci-lokaci ina kwance ƙarƙashin bas da sifana a hannu sai in tsinci kaina ina jera fuskokin mutanen layin nan ɗaya bayan ɗaya. Ba haushi nake ji ba, son sani ne kawai. Mugunta ce aka yi masa ko tausayi? Kuma me ya sa mutum mai zafin Saje ya haɗiye abin ko tari bai yi ba?

Na sha ba 'yan kusurwarmu labarin nan, domin mu ma muna tsintar safe. Filin namu tsohon wurin kayan gini ne, ƙusoshi ba sa ƙarewa a cikinsa, kuma bayan wata ƙusa ta fasa wa wani mutum tayar da ya sha wuya kafin ya samo irinta, Dogo ya ce cikin raha mu jera mu yi abin da muka iya. Ashe su ma haka suke yi a nasu sansanin, su Baba Kumasi ma haka, har shirun iri ɗaya ne. Wasa-wasa abin ya zama al'ada. Mukan bar motoci a bakin titi tukuna, sai ka ga tsofaffi sun jera sun sunkuyar da kai, matasa suna ɗaukarmu a waya suna dariya. Kowa ya kama gurbinsa, nawa shi ne bin farin layin da ya nufi sandar fitila. Har gwangwani muna da shi. Dogo ya ce a ganinsa manya ne suka sa aka ajiye wa Saje notin, haka manya suke, ba sa faɗa maka a fuska. Baba Kumasi ya ce a'a, aminin Saje ne, domin maƙiyi bari zai yi sai ka kashe mutum sannan ya yi magana. Kowanne na saurara na ga da gaskiyarsa, amma ba wanda ya zauna mini daidai.

Ana saura 'yan makonni jerin gwano, Uwata ta same ni a gareji ina goge fitilun mota. Ta gaishe ni, ta jawo kujera ta zauna, abin da ba ta saba ba. Ta ce ba za ta ɓoye makulli ba, ba kuma za ta kai ƙarata wurin masu lasin ba, ni ubanta ne. Sannan ta ce, "Baba, kai ka koya mini ba a cewa ana tsammani. Ka ce mini ka gani, in sa maka yaran a mota da hannuna. In kuwa tsammani kake yi, to ka yafe mini, ba za su shiga ba." Na buɗe baki in ce na gani, maganar ta ƙi fita. Ta jira, da ta ji shiru ta tashi ta koma cikin gida. Tsoro ya kama ni, na gaske, irin wanda rabona da shi tun ina saurayi. Ban yarda da na'urar likita ba, amma na gane bakina ma ban yarda da shi ba. Gwaji ɗaya na sani wanda in na ci zan yarda, in na faɗi ma zan yarda.

Ranar Juma'a bayan la'asar na buɗe akwatin kayan aikina na zaɓi noti ɗaya cikin masu hudoji. Na wanke shi da fetur, na goge shi da tsumma, na sake gogewa da hankicina har sai da na ga fitilar gareji a jikinsa. Da safe na riga kowa isa filin. Na tsaya a farkon gurbina, na rufe ido, na gangara shi a kan farin layin nan. Na ji yana gudu yana ƙara, sai ya yi shiru, ban san inda ya tsaya ba. Na juya baya kafin in buɗe ido, na koma mota na zauna. Na ce a raina idan ya kauce ya shiga gurbin wani shi ke nan, wani ya tsinta, ban yi asarar komai ba sai noti.

Jama'a suka iso, aka gaisa, aka jera. Baba Kumasi gwiwarsa ta motsa, shi ya ɗauki gwangwani. Ban taɓa yin tsinta irin ta ranar ba. Na ware ido har sai da suka kawo ruwa. Na ga murfin kwalba na ɗauka. Na ga wata ƙusa mai tsatsa da ta kwanta cikin tsagar kwalta, har na ji daɗi na ce ashe idon yana nan. Kowane taku ina cewa yanzu zan gan shi. Sai ga sandar fitila a gabana. Na tsaya, hannuna riƙe da murfin kwalba da ƙusa. Ina cikin lallashin kaina cewa ai ya gangara gurbin wani, sai na ji muryar Baba Kumasi daga baya, a hankali, ba da Turanci ba.

"Alaji, a tsaya."

Na koma. Yana tsaye ya dogara da sandarsa yana kallon ƙasa. Na kalli wurin ban ga komai ba, sai da na juyo da fuskata gaba ɗaya, sannan ga shi yana walƙiya a rana, bai kai taƙi ɗaya daga farin layin ba, ta gefen dama. Baba Kumasi ya sunkuya da ƙyar ya ɗauka. Ya ga hudojin, ya shinshina ya ji fetur, ya ɗago ya dube ni. Ya san labarin Saje kamar a gabansa aka yi.

"Wa ya goge shi haka?" in ji shi.

"Ni ne," na ce.

"Yoo." Ya daɗe yana gyaɗa kai. "To, ka samu amsarka ke nan."

Sai a lokacin abin ya faɗo mini. Shekara da shekaru ina tambayar wa ya ajiye notin, ban taɓa tambayar me ya sa aka goge shi ba. Wanda yake son Saje ya faɗi, ai baƙin noti zai nema mai maiƙo, wanda zai ɓace a kwalta. Ko aminin da Baba Kumasi yake faɗa, wanda ya fara zuwa hannunsa zai ɗauka. Ba mai zama ya goge noti har ya yi ƙyalli sai wanda yake roƙon Allah a gan shi, kuma mutum ɗaya ne a layin nan yake wannan roƙo, Saje da kansa. Ba ni da shaida, Saje ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa. Amma na san abin da ya hana shi ɗago kai ya kalle mu, domin ni ma na kasa kallon kowa. Ba fushi ya haɗiye ba, sallama yake yi da aikinsa a gabanmu ba wanda ya gane. Na ji tausayinsa, na ji tausayin kaina, kuma ban ɓoye hawayen ba.

Dogo ya matso yana tambayar me ya faru, ba ya jin Hausa, kunnen ma babu. Baba Kumasi ya nuna masa notin, ya nuna ni. Dogo ya cire hularsa, ya mayar, ya juya ya ce wa sauran a koma farko. Na miƙa hannu na karɓi gwangwanin. Baba Kumasi ya ce gwiwarsa fa, na ce ya lallaɓa, gurbina ba shi da wuya.

Da aka gama na kira Uwata na ce ta zo ta mayar da ni gida. Ta zo a motar haya, na ciro makullin na sa mata a tafi. Ta riƙe hannuna da hannu biyu. Can ta leƙa cikin motar ta ga abin takawa uku a ƙasa, ta tambaye ni na ukun nan na mene ne. Ashe Uwata ba ta taɓa tuƙa mota mai kuloci ba. Ranar Dogo ne ya kai mu gida. Daga nan duk yammacin da ba ta aiki, a filin nan muka ƙarar da shi, tana sakin kuloci mota tana tsalle tana mutuwa, ni ina gefe ina cije leɓe, ina jin kowace ƙarar giya har cikin haƙorina.

Ranar jerin gwano ita ta zauna a sitiyari, yaran a baya sun sha kwalliya, motoci sun jeru a bayanmu har bakin titi. Dogo ya zagaye motar, ya leƙa ƙarƙashinta, ya duba tayoyi, domin na faɗa masa zagayen ƙarshe ba nawa ba ne yanzu. Ya zo ya ɗora hannu a kan bonet. Na shiga na zauna a gefenta, na ja bel. Uwata ta tayar da injin, ta sa giya, amma ba ta saki kuloci ba. Ta karkata kai tana saurare, sannan ta dube ni ta ce, "Baba, muryarta daidai?" Na saurara da kunnen da ya rage mini. Daidai take. Na ce mata bismillah mu je, kuma ta kula mini da gefen dama.